Guzurin Hanyar Gida

Ɗiyata,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidan naki da jikokina. Mu nan Bakori sai godiyar Allah. Damina ta yi albarka. An karya masara, an tuge gyaɗa, ana ta bugun waken suya, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran ranarta. Sanyin hunturu ya fara leƙowa da asuba.

Saƙonki ya iso, na kuma saurare shi har sau uku. Kin ce kuna tafe gida hutun ƙarshen shekara. Kin ce tun da likita ya ja wa maigidanki kunne a kan hawan jini kuka zauna kuka yi shawara, kuka bar nama gaba ɗaya, har da kifi da ƙwai da nono da man shanu. Yau shekara guda ke nan. A gidanki ba ki da damuwa, tunda tukunya taki ce, ludayi ma naki ne. Hanya ce ke ba ki tsoro. Me za ku ci daga Abuja zuwa Funtuwa? In kun iso kuma, me za ki ce wa dangi?

Na ji yadda muryarki ta yi ƙasa da kika zo kan maganar dangi. Kwantar da hankalinki. Ban yi miki faɗa ba, ba kuma zan yi ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Matar da ta canza tukunyarta don lafiyar mijinta ta cancanci a sa mata albarka. Ki dai ba ni aron kunnenki, in gaya miki abin da shekaru suka koya mini.

Bari in fara da abin da ke ba ki gani ba. Muna yara, shekaru da dama kafin a cire jihar Katsina daga Kaduna a 1987, nama baƙo ne a gidanmu. Yakan zo ranar Sallah. Yakan zo ranar suna, ko in an yi baƙo mai nauyi. Yakan zo kuma in kakanki ya kai auduga Funtuwa ya dawo da kuɗi a aljihu. Ranar nan za ki gan shi ya shigo da ƙunshi a hannu, mu kuwa sai zagayen murhu. Sauran kwanakin shekara tuwon dawa ne da miyar kuka, ko busasshiyar kuɓewa, ko karkashi. Daddawa ita ce naman miyar. Da safe koko da ƙosai, ko ɗumamen jiya. Da rana kwaɗon zogale ko na rama ko na tafasa, ya sha ƙuli-ƙuli da albasa. Gaskiya dai nono da man shanu ba su yanke mana ba, don Fulani maƙwabtanmu ne. Ki riƙe wannan a ranki, zan dawo kansa. Amma tukunyar Bahaushe tun asali ta hatsi ce da wake da ganye.

Ba ku kuka fara ba, ba kuma ku kaɗai ba ne. A Ingila, tun 1944 wani mutum mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiya ta masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba. A Indiya akwai miliyoyin mutane da ba sa cin nama tun kaka da kakanni. Kiristocin Habasha kuma suna ajiye nama da nono da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a da lokutan azuminsu. Kowa da dalilinsa. Ke kuma Allah ya taimake ki, ƙasar da za ki ratsa ƙasar wake ce. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, maƙwabciyarmu Nijar ce ke biye mata. Yunwa ba za ta kama ku a wannan hanya ba, in dai kin san abin da za ki nema da yadda za ki tambaya.

To, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana gobe za ku taso ki haɗa guzurinki. Ki soya gyaɗa da ɗan gishiri. Ki nemi ƙuli-ƙuli da dabino da kantun riɗi da dakuwa. Ki dafa dankali ko rogo, ki daka yajinki da kanki, ki zuba man gyaɗa a 'yar kwalba mai murfin kirki. Ki cika filas da kunun gyaɗa saboda auta. Wannan 'yar kwalbar mai da ƙullin yajin nan kada ki raina su. Da su za ki mai da farar shinkafar kowane gidan abinci ta zama abincinku. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yaro mai yunwa ba ya jin lallashi, kuma uwar da ɗanta ke kuka a tasha takan sayi abin da ba ta yi niyya ba. Alale da kunun aya kuwa ki bar su a gida, zafin mota na saurin lalata su. Ku kuma taso da sassafe, don rana ta kawo ku gida. Ba na son dare ya riske ku a hanya.

In jirgin ƙasa za ku biyo, wanda ya fara jigila tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, guzurin nan ya ishe ku har ku sauka Rigasa. In kuwa mota ce, za ku ratsa Tafa da Jere da Katari kafin Kaduna, sannan Mararrabar Jos da Jaji kafin Zariya. Duk inda direba ya tsaya, ƙamshin tsire da balangu ne zai fara tarbarku, don masu nama su ke kama bakin titi. Ki ɗan taka ki wuce su. Abincinku yana ɗan ciki, wajen mata masu kasko da kula.

Da safe ki nemi mai ƙosai. Ki tsaya kusa ki kalle ta. Ga ƙullun wake a roba, an niƙa shi da albasa da attaruhu. Tana ɗiba kaɗan a ƙwarya, ta sa gishiri, ta buga har ya tashi, sannan ta riƙa sakawa a mai da cokali ɗaya bayan ɗaya. Yana faɗawa ya kumbura, ya juya, ya yi ja. Komai a idonki ake yi. Ki gaishe ta da kyau, ki tambayi ciniki, sannan ki ce, "Baba, an sa ƙwai a ƙullun? Man nan ana soya kifi a ciki?" Yawanci za ta ce miki a'a, daga ƙosai sai doya da dankali. Ki haɗa da kokon da ke gefenta, kin gama karin kumallo. Abin da aka tsamo daga wuta a gabanki ya fi komai aminci ga matafiyi.

Da rana ki tambayi garau-garau. Shinkafa da wake ne, a zuba mai da yaji, a yanka tumatir da albasa. Ko ɗan wake, wanda garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa. Ki ce dai a ɗauke miki dafaffen ƙwan da ake ɗorawa a sama. Ko dambu da zogale, ko rogo da ƙuli. Hatsi da wake in sun haɗu a kwano ɗaya suna cika wa juna gibi wajen gina jiki. Iyayenmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma haka suka riƙa haɗa su.

Ga kuma awara, wadda a yanzu da wuya ki shiga unguwa ba ki same ta ba. Mu muna yara ba mu san ta ba, daga baya ta shigo da noman waken suya ya bunƙasa. Maƙwabciyata sana'arta ke nan, kullum ina kallonta. Ta jiƙa waken, a niƙo, ta tace da ƙyalle, ta ɗora ruwan a wuta. In ya tafasa sai ta zuba ruwan tsami, nan take ki ga ya tsinke, farin ya taru sama kamar audugar da aka shiɓa. Ta kwashe a ƙyalle, ta ɗaure, ta danne da dutse har ruwan ya tsiyaye, ta yanka, ta soya. Abu biyu kawai za ki tambaya. Wasu suna tsoma ta a ruwan ƙwai kafin su soya. Akwai kuma mai kama da ita da ake yi da madarar shanu. Ki ce ta waken suya kike so, marar ƙwai.

Yanzu ga inda ake yin tuntuɓe. In kin shiga gidan abinci kika ce, "Ba na cin nama," mai abinci za ta ce to, ta sa cokali ta tsame yankan naman, ta zubo miki miyar. Ba ha'inci ta yi miki ba. A saninta ta biya miki buƙata. A wajen mutane da yawa kifi ba nama ba ne, ganda ba nama ba ce, romo kuwa ai ruwa ne. Saboda haka ki sauya tambayar. Ki ce, "Da me aka dafa miyar?" Sai ki ji an ce da ƙashi, ko da kifin banda. Dafa-dukar manyan gidajen abinci yawanci da romon kaza ake yinta. Miyar agushi ba ta rasa busasshen kifi. Miyar taushen da ake ba da waina da ita takan kwana da ƙashi a ciki, don haka ki ci wainarki da ƙuli ko da sukari, bayan kin tambaya ko an zuba nono a ƙullun. Tuwo kuma, ki yi saurin cewa kada a sa man shanu, don hannun mai tuwo ya riga bakinta. Gurasa fulawa ce da yis da ruwa, amma wadda ke kan teburin mai tsire ta riga ta sha maiƙon nama. Wajen mai shayi ki ce baƙi kike so, ban da madara. Magi ma iri-iri ne, wani da ɗanɗanon kaza ake yinsa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, matambayi kuma ba ya ɓata.

Sai dai tambaya ma tana da ladabi. Ki yi ta da murmushi, da murya ƙasa, ba a gaban layin masu saye ba. Matar nan tun asuba take gaban wuta. In amsarta ba ta yi miki ba, ki sayi farar shinkafa ko lemo, ki yi godiya, ki tafi. Kada ki tsaya yi mata lacca a kan tukunyarta. Da ita take ciyar da 'ya'yanta.

Daga Kwangila a Zariya za ku kama hanyar Funtuwa. In kun zo Samaru ki nuna wa yaran cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ki gaya musu da yawa daga irin masara da dawa da wake da gyaɗa da ake shukawa a gonakinmu nan aka inganta su. Bayan Shika da Giwa, ido kawai za ki buɗe. Lokacin rake ne da kankana da lemo da karas. Ki sayi mazarƙwaila ki ba su su lasa, su san zaƙin da muka tashi da shi. Tuwon madara da alewar madara kuwa sunansu ya riga ya faɗa miki abin da ke ciki. Kwaɗo da ɗanyen ganye na bakin titi ki haƙura da su har ki iso gida, don ba ki san ruwan da aka wanke su da shi ba. Daga Funtuwa kuma ai kin iso. Ki kama hanyar Malumfashi, kafin yara su gama shan rakensu kun shigo Bakori.

To ɗiyata, duk wannan mai sauƙi ne. Mai abincin tasha kuɗinki take so, gobe ta manta da ke. Babban aikin yana cikin gida, inda ba a sayar da abinci, inda ake ba da shi don ƙauna.

Kin san halin mutanenmu. Baƙonka annabinka, haka aka rene mu. Tuwon girma kuma miyarsa nama. Tsohuwar da ke da kaji uku a tsakar gida, in ta ji kin zo daga Abuja da jikoki, ɗaya daga cikinsu ba za ta kwana ba. Kazar nan kuwa ita ce asusunta, ita ce kuɗin maganinta. In ta ajiye miki kwanon nan, abin da ba ta iya faɗa da baki ne ta dafa ta kawo.

Bari in ba ki labarin baƙi biyu da na yi. Ina amarya, a wani ƙauye nan kusa, zakara ɗaya gare ni. Ja ne, mai dogon wuya, shi ke tashina da asuba. Wani ɗan'uwan maigidana ya zo daga birni, mai ilimin zamani. Na sa aka yanka zakaran. Na wuni ina fama, na tuƙa tuwon shinkafa, na jera kwanoni a faifai na aika zaure. Ina laɓe a bakin ƙofa ina jiran in ji an yaba. Sai na ji ya buɗe kwano ya ce shi ba ya cin irin wannan maiƙon, shi ke kashe mutanen ƙauye ba su sani ba. Aka dawo mini da kwanon yadda na aika shi. Na shiga madafa na zauna kusa da murhu, na bar hayaƙi ya ɗauki laifin hawayena. Na yafe masa tun tuni, ƙuruciya ce da ɗokin sabon sani. Wataƙila ma maganarsa akwai gaskiya a ciki. Amma yau fiye da shekara arba'in, ban manta da ƙarar murfin kwanon nan ba.

Bayan wasu shekaru wata dattijuwa daga dangin mahaifiyarmu ta sauka a wurina. Ban san an hana ta nama saboda ciwo ba. Na yi mata kaza. Ta buɗe kwano, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kai, yarinyar nan kin gama mini komai. Allah ya yi miki albarka." Sannan ta matso ta gaya mini a hankali cewa likita ya raba ta da nama. Ta kira yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, ta raba musu da hannunta, tana sa musu albarka. Ta ce in kawo mata ɗan man gyaɗa da yaji da daddawa. Ta ci tuwonta tana santi har ta suɗe hannu. Na kwanta ranar nan zuciyata fari ƙal.

Ki duba da kyau. Su biyun babu wanda ya ci naman. Ɗaya ya bar mini tabo, ɗaya ta bar mini addu'a. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, an yi shi don ya haɗiye magana ma.

Wannan ladabi kuwa muna da shi daga tushe. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An taɓa kawo masa naman damo, ya janye hannunsa. Da aka tambaye shi ko haramun ne, ya nuna ba haramun ba ne, shi dai ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, ransa bai karɓe shi ba. Khalidu ɗan Walidu ya jawo ya ci a gabansa, bai hana shi ba. Kin ga hanya a buɗe take. Kina da ikon barin abin da ba ki so. Abin da ba ki da iko a kai shi ne ki kira halal da sunan ƙazanta, ko ki kalli mai ci da ido na raini. Layya da ragon suna kuma suna nan a matsayinsu. In Allah ya hore wa maigidanki ya yi, ku rabar wa mabuƙata da maƙwabta, lada na nan.

Saboda haka ki riga wuƙa isa gidan. Duk inda za ki je gaisuwa, ki aika tun da wuri. Ki ce, "Inna, don Allah kada a wahala a yi yanka. Mun daina cin nama da nono saboda lafiya. Abin da nake marmari shi ne miyar kukarki mai daddawa, irin wadda kike yi mana muna yara." Kin ga ba ki rufe mata ƙofa ba, wata kika buɗe mata. Mai masauki so yake ya ji akwai abin da zai ba ka wanda ba ka da shi a birni. Ki roƙi dambu, ki roƙi faten tsaki da rama, ki roƙi kwaɗon zogale. In an kawo fura, ki ce a dama miki da ruwa da ɗan sukari, ki sha ki yaba gero. In kuwa saƙo bai isa ba, kika tarar an riga an yanka, to ki tuna da dattijuwar nan. Ki karɓa da hannu biyu. Ki yaba, ki yi addu'a, ki faɗi uzurinki a takaice, ki raba wa yaran gida. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba mai gida kaɗai ake nema wa ita ba, baƙo ma ana so ya shimfiɗa tasa.

Za a yi miki tambayoyi. Wani zai ce ko talauci ne ya kama ku a Abuja. Wata za ta ce aƙidar Turawa ce. Ki yi dariya ki ce, "Lafiya muke nema, ku taya mu da addu'a." Ya isa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kwana nawa za ki yi gaba ɗaya? Kada gardamar yini ɗaya ta ɓata zumuncin shekara talatin. Ki kuma ja kunnen yaran tun a mota, kada wani ya toshe hanci ko ya ce "ƙazanta" in ya ga ana fiɗar kaza. Abin da yaro ya faɗa a gidan mutane, uwarsa ake ji.

Yanzu bari in dawo kan nonon Fulani da na ce ki riƙe a ranki. Nan ne nake so ki saurare ni da kunne biyu, don maganar jikokina ce. Mu da muka tashi ba nama kullum, muna samun nono da ɗan ƙwai da ɗan kifi jefi-jefi. Ku kuwa kun rufe waɗannan ƙofofi duka. Akwai sinadarin da likitoci ke kira bitamin B12. Jiki na buƙatarsa don yin jini da lafiyar jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa. Zogale ba ya ba da shi, kuka ba ta ba da shi, wake ma haka. Wanda ya bar abincin dabba gaba ɗaya dole ya sha shi a ƙwaya, ko ya ci abincin da aka ƙara masa shi. Rashinsa ba ya nuna kansa da wuri. A hankali yake shigowa, da kasala da ƙarancin jini da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa. A jikin ƙaramin yaro kuwa ɓarnarsa na iya zama mai wuyar gyara. Mai ciki da mai shayarwa su suka fi kowa buƙatar kula. Don Allah kafin ku taso ki je wurin likita, ki gaya masa gaskiyar abin da kuke ci, ya rubuta muku abin da ya dace, a kuma auna yaran a ga girmansu. Ƙwayoyin nan su shiga jaka kafin kayan kwalliya. Rigakafi ya fi magani.

Sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini kuma yana cikin wake da ganye, amma jiki ya fi jansa in an haɗa da lemo ko tumatir ko gwaba. Shayi yana tare masa hanya, don haka ki raba lokacin shayi da lokacin abinci. Cikin yaro ƙarami ne, ganye na cika shi tun bai samu abin da zai riƙe shi ba. Ki yawaita masa gyaɗa da riɗi da awara da ɗan mai, ki kuma ba shi sau da yawa a yini. Madarar waken suya ta gida ba ta maye gurbin nonon uwa ga jariri. In likita ya duba ya ce wani daga cikinsu yana buƙatar ƙwai ko nono, ki ba shi ba tare da jin kin gaza ba. Lafiya kuka fita nema tun farko. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Akwai kuma abin da na san zai faru, gara in gaya miki tun yanzu. Wata rana za ki leƙa ɗaki ki tarar kakarsu ta zaunar da auta a cinya tana sa masa tsokar kaza a baki, shi kuma yana ta lumshe ido. Ranki zai sosu. Ki haɗiye. Kada ki fizge shi, kada ki tsawata masa a gabanta. Tsoka ɗaya ba za ta rushe abin da kika gina a shekara ba, amma tsawa ɗaya tana iya sa tsohuwa ta ji an raba ta da jikanta. In dare ya yi, ku biyu kaɗai, ki yi mata bayani cikin girmamawa. In ta gane, alhamdu lillahi. In ba ta gane ba, kwana kaɗan ne. Yaran nan za su girma su zaɓi abin da za su ci da kansu. Abin da zai zauna a zuciyarsu shi ne yadda suka ga uwarsu tana mu'amala da manya.

Ranar komawa kuma, kada ki yi mamaki in wata ta biyo ki bakin mota da kaza a hannu, an ɗaure ƙafafunta da tsumma. Kada ki ce ba kya so. Ki durƙusa ki karɓa, ki yi godiya. Ki kawo mini ita nan, in yi wa auta kiwo. In Allah ya kai mu baɗi ya zo ya tarar da 'yan tsakinsa suna bin uwarsu a tsakar gida, ki kai shi ya gaishe da mai kyautar, ya gaya mata da bakinsa yawan da suka zama. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ni dai na riga na fara nawa aikin. Jiya na zaga gidajen da na san za ki shiga, na yi musu bayani da bakina, don maganar tsohuwa ta fi saurin shiga kunnen tsohuwa. Wasu sun yi mamaki, wasu sun yi dariya, amma kowace sai da ta tambaye ni, "To me take so in dafa mata?" Kin ji mutanen naki. Na sa an ɗebo mini sabon wake ranar kasuwa. Kalwa tana nan na ajiye, daddawarku da hannuna zan yi ta. Zogalen bayan ɗaki na hana a taɓa shi har ku iso.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina yi masa fatan ƙarin sauƙi. Ki shafa mini kan kishiyata da ɗan angona. Zumunci a ƙafa yake, ɗiyata. Ku zo, tabarma na shimfiɗe. Allah ya kawo ku lafiya, ya tsare hanya, ya yi muku albarka.

Goggonki,
daga Bakori.